Kwamfutar Da Aka Ƙera Don Ƙura Da Zafin Rana

Yau za mu duba wata irin kwamfutar tafi-da-gidanka wadda ba a cika ganinta a kantuna ba, wato wadda aka ƙera musamman domin masu aiki a daji, da bakin rijiyar mai, da wurin shimfiɗa hanya, da fagen fama.

Dalilin da ya sa maganar ta shafe mu shi ne, kwamfutar da muka saba saye an yi ta ne domin ofis mai sanyi. Kamfanin Apple, alal misali, ya ce kada a yi aiki da tasa a zafin da ya wuce digiri 35. To, kowa ya san halin da Sakkwato da Maiduguri suke shiga a watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 ko a inuwa. Kafin bazarar ma ga hazon hunturu, wanda iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Fankar da ke cikin kwamfuta ita ke zuƙar wannan ƙura har ta toshe mashigar iska, zafi ya taru, aiki ya yi nauyi, wata rana ta mutu da aikin wata guda a cikinta. Aikin fili da kwamfuta kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A rajistar masu zaɓe ta 2011, hukumar zaɓe ta raba na'urori 132,000 har ƙauyuka, kowace da kwamfutarta, a tsakiyar hunturu.

Asalin abin daga Amurka ne. A 1982 aka fito da GRiD Compass mai jikin ƙarfen maganiziyam, wadda kuɗinta ya haura dala 8,000, kuma a 1983 hukumar NASA ta hau da ita sararin samaniya. Kamfanin Getac na Taiwan ya kafu a 1989, sa'an nan Panasonic na Jafan ya fara ƙera Toughbook a 1996. Daga baya Dell ya shigo sahu.

Wanda ya ɗauki ɗaya daga cikinsu, nauyin zai fara ji, domin wata takan wuce kilo 3, har da mariƙi kamar akwatin wanzami. Kowace kafa ta jona waya tana da ƙyaure mai bakin roba. Ana iya taɓa allonta da safar hannu, kuma haskensa ya ninka na saura sau uku ko huɗu, yadda za a karanta rubutu da tsakar rana ba sai an nemi gindin bishiya ba. Wasu suna da batir biyu, a zare ɗaya a sa wani ba tare da an kashe ta ba. Manyansu an rubuta musu aiki daga sanyin digiri 29 ƙasa da sifiri har zafin digiri 63.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne wajen lambobin da ake liƙa wa kwali. Mai saye zai ga an rubuta MIL-STD-810, dillali kuma ya ce masa ai wannan ta soja ce. Wannan lamba sunan wani kundi ne na ma'aikatar tsaron Amurka, wanda ya fara fitowa a 1962, aka sabunta shi zuwa mai harafin H a 2019. Kundin yana bayyana hanyoyin gwada kaya ne da zafi, da sanyi, da girgiza, da yashi, da faɗuwa. Babu wata hukumar soja da ke zama ta duba kowace kwamfutar kasuwa ta buga mata hatimi. Kamfani shi ke zaɓar gwajin da yake so, sau da yawa shi ke yin abinsa, shi kuma ke ba da labarin sakamako. Ko gwajin faɗuwar da ake taƙama da shi, wato a saki na'ura sau 26 daga tsayin ƙafa 4, ƙa'idar ta yarda a raba faɗuwar tsakanin na'urori har biyar. Ke nan ana iya samun wadda ta sha ƙasa sau biyar ko shida kurum, a ce ta ci jarrabawa. Shi ya sa yau har siraran kwamfutocin ofis suke ɗauke da lambar, alhali ko yayyafi ba za su jure ba. A ganina, duk ma'aikatar da za ta sayi irin wannan kaya da kuɗin jama'a, wajibi ne ta nemi takardar gwajin kanta, ta ga waɗanne aka yi, wane ne kuma ya yi su.

Lambar IP ta fi wannan saukin fahimta. Alƙalami na farko na ƙura ne, kuma 6 ne ƙololuwa, wato ƙura ba ta shiga sam. Na biyu na ruwa ne: 3 yayyafi, 5 feshin tiyo, 7 nutso cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya na rabin sa'a. Don haka mai IP53 ta isa ga injiniyan da yawancin aikinsa cikin mota ne, amma mai yini a wurin fasa dutse ko haƙar rijiyar burtsatse, kada ya karɓi abin da ya gaza IP65.

Sai maganar kuɗi, wadda ba ta da daɗin ji. Sabuwa mai cikakken sulke takan haura dala 4,000, kuɗin kwamfutar ofis huɗu ko biyar. Wanda aikinsa bai wuce tebur ba, ba shi da hujjar sayenta. Amma ga ayarin da ke nisan yini guda daga mai gyara, lissafin ya sake, domin ranar da na'urar ta tsaya, albashin mutane da hayar mota ba su tsaya ba.

Tsadar ce ta tura mutanenmu ga gwanjo, musamman kanikawa masu duba ciwon mota da kwamfuta, waɗanda ke son tsofaffin Toughbook irin su CF-19 da CF-31. Ba laifi, sai dai a lura, robar ƙyauren nan tana bushewa da shekaru, in ta tsage kuwa lambar IP ta tashi aiki. Batir ma zafi yana cinye shi. Ga shi kuma Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun watan Oktoba na 2025, yawancin tsofaffin nan kuwa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Mai saye ya buɗe kowane ƙyaure a gaban dillali ya latsa robar da yatsa, ya cire wayar wuta ya ga tsawon lokacin da batir zai riƙe, kana ya fita da ita rana ya ga ko allon yana karantuwa kafin ya ƙirga kuɗi.