Ƙuri'ar da Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kanta

'Yan'uwa, matan da ke cika layin zaɓe a Gwandu da Kalgo, kakanninsu mata ba su sami wannan 'yanci ba sai a 1976. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, shugabar matan NEPU, ta sha duka da ɗauri, an ce har sau 16, don ta nace mace ta yi zaɓe, a kuma daina aurar da ƙananan yara. Ita kanta tana shekara 13 aka yi mata aure.

Ƙuri'a ta samu, kujera ce ta gagara: cikin sanatoci 109, mata huɗu ne kacal. Ana ta maganar ware wa mata kujeru a majalisa, amma a ganina cikas ɗin yana wurin zaɓen fidda gwani, inda mai kuɗi ke tafiya da tikiti.