Tadbiri Kafin Jefa Kati: Nasiha ga Makarantun Batagarawa

Duk wanda ya bi hanyar Dutsin-ma da la'asar, ya ratsa ƙasar Batagarawa inda Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman suke, zai ga samari gungu-gungu a gindin itatuwa, waɗansu suna karta, waɗansu sun duƙufa kan waya suna cacar ƙwallo, alhali dara, wadda kakanninmu suka wasa ƙwaƙwalwarsu da ita a ramuka 30 da 'ya'ya goma sha biyu-biyu, ta zama sai dattawa. Wannan ne ya sa na ga ya wajaba in kawo zancen wani wasan karta mai suna birij, domin akwai darasi a cikinsa.

Mutum huɗu ke yinsa, biyu suna fuskantar biyu, a raba kati 52 kowa ya sami 13. Kafin a jefa ko ɗaya sai a yi ciniki irin na gwanjo, har ɓangare guda ya ɗauki alkawarin cin zagaye kaza daga cikin 13. Wani Ba'amurke, Harold Vanderbilt, shi ya tsara lissafinsa na yanzu a 1925, aka kafa hukumarsa ta duniya a 1958, kuma a 2018 aka shigar da shi gasar wasannin Asiya a Jakarta.

Da zarar abokin hamayyar da ke hagun mai alkawari ya jefa katin farko, sai abokin mai alkawari ya shimfiɗa nasa katunan a fili, ya kame bakinsa, ya bar masa ragamar hannu biyu. A nan ake gane gwani, domin ba ya taɓa kati sai ya tsaya ya ƙidaya zagayen da ya tabbata zai ci, da waɗanda yake tsoron rasawa, da hanyar da zai bi ya cike giɓi. Wani lokaci ma yana riƙe da katin da ya fi kowane girma, amma ya ƙi sakinsa a zagaye na ɗaya da na biyu, sai a na uku, domin irin wannan kati ya ƙare a hannun ɗaya daga cikin masu tsaro, wato abokan hamayyarsa, ya rasa abin da zai miƙa wa ɗan'uwansa. Mahaƙurci mawadaci, in ji Hausawa, kuma ɗalibin da ya saba da irin wannan tafakkuri ba zai shiga kasuwanci ko shugabanci da garaje ba.

Amma a ganina hikimar masu tsaro ta fi zurfi, saboda kowanensu ba ya ganin hannun abokinsa, kuma haramun ne a ƙa'idar wasan ya yi masa magana ko ƙifta ido, sai dai katin da ya jefa ya zama harshensa: babba yana nufin a ci gaba da wannan iri, ƙarami yana nufin a sauya. Sharaɗi ne kuma su bayyana wa abokan hamayya ma'anar waɗannan ishara idan an tambaye su, shi ya sa a 2015, da aka kama waɗansu mashahuran 'yan wasa na duniya da isharar ɓoye, daga baya aka dakatar da su. Dara tana koya wa mutum dogaro da basirarsa shi kaɗai. Birij yana ƙara masa amana da kyautata zato ga abokin tafiya.

Na san malamai za su ce karta ƙofar caca ce, kuma suna da hujja, gama haramcin caca nassi ne na Alƙur'ani, ga shi kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta hana ko da shaɗaranji, ko da yake Shafi'awa sun tsaya a kan karhanci muddin babu kuɗi kuma ba a tozarta salla ba. Fatawa ta malamai ce, kuma ya kamata a kai musu mas'alar da cikakken bayani, har da cewa a gasar birij katunan da aka raba a wannan tebur su ake kai wa sauran tebura, a gwada wanda ya fi sarrafa su, ta yadda rabon sa'a yake raguwa ƙwarai.

Saboda haka ina kira ga shugabannin makarantun Batagarawa su fara da abin da yake namu, su shirya gasar dara tsakanin ɗalibai, sannan su nemi shawarar malamai a kan birij, bisa sharaɗin babu ko kwabo a tebur, kuma a tashi da jin kiran salla. Allah Ya shiryi matasanmu, Ya ba su basira mai amfani, amin.