Ɗauko Ɗan Ɗan'uwa Zuwa Ingila: A Riƙe Yaro, Kada A Sauya Masa Uba

Ya 'yan'uwa Musulmi, da yawa daga cikin mutanenmu mazauna Ingila suna da burin ɗauko ɗan wa ko ɗan ƙane, musamman maraya, daga gida zuwa wurinsu. Wannan niyya kyakkyawa ce, domin falalar sada zumunci da riƙon maraya ba ta ɓuya ga kowa ba. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne gurguwar shawarar da 'yan cuku-cuku suke bayarwa, wai a sake wa yaro takardar haihuwa, a rubuta baffa ko kawu a gurbin mahaifi, shi ke nan an huta.

Lalle wannan haramun ne, ko da ofishin biza bai taɓa ganowa ba. Zaidu ɗan Harisa (RA) ya daɗe ana kiransa ɗan Muhammadu, har aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta sauka ta yi umarnin a jingina kowa ga ubansa. To, idan ba a bar wannan ga Manzon Allah (SAW) ba, wane ne za a bar wa? Kuma ɓarnar ba ta tsaya a takarda ba. Ranar rabon gado takardar za ta ba shi kason da ba nasa ba, ta tauye magada na gaskiya. Zai girma tare da 'ya'yan gida mata ana ce masa muharraminsu ne, alhali kuwa aure ya halatta a tsakaninsu. Abin da Shari'a ta buɗe shi ne kafala: ka ciyar, ka tufatar, ka ilmantar, in ka so ka yi masa wasiyya da abin da bai wuce sulusi ba, yana nan da sunan mahaifinsa. Har Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta ambaci kafala da sunanta a sashe na 20.

Gaskiya ne ƙofar doka ƙunci gare ta. Kasancewarka baffa kaɗai ba ya ba yaro biza. Wanda ya sami zaman dindindin zai iya nema wa ɗan danginsa da bai kai shekara 18 ba, amma sai ya kawo hujjoji masu nauyi cewa barin yaron a gida cutarwa ne, kamar rasuwar iyaye da rashin mai kula da shi, kuma ya nuna yana da muhalli da abin ciyarwa. Son ya sami makaranta mai kyau bai isa hujja ba. Akwai kuma bizar ƙananan ɗalibai, daga shekara 4 zuwa 17, amma ta makarantun kuɗi ce, kuɗin kuwa ba na wasa ba. Hanyar mayar da yaro ɗa ta kotu, ban da matsalarta ta Shari'a, Ingila ta sanya mata takunkumi na musamman game da Nijeriya tun watan Maris na 2021, saboda shakkar sahihancin takardu.

Wanda ya bi ta ƙarya kuwa, gwajin ƙwayoyin halitta yana iya tona shi, a hana shiga ƙasar har shekara 10. In ma ƙaryar ta wuce, yaron ne a cikin haɗari. Victoria Climbié, yarinya 'yar Kwaddebuwa, wata 'yar'uwar kakanninta ce ta shigar da ita Landan a 1999 da fasfo mai nuna 'yarta ce, da wani suna daban. Azabtarwa ta kashe ta a watan Fabrairu na 2000 tana da shekara 8, iyayenta suna can gida suna zaton karatu take yi. Ba mu ce kowane mariƙi haka yake ba, amma yaron da aka shafe sunansa, wa zai bi sawunsa?

Saboda haka a tara takardun gaskiya, shaidar rasuwar iyaye da hukuncin kotu na riƙo, a nemi lauya mai rajista a can. In ƙofar ba ta buɗe ba, kuɗin da za a zuba wa ɗan cuku-cuku a biya wa yaron makaranta da shi a Kano ko Zariya, a riƙa aiko da na abinci duk wata.