Baƙi Iri Biyu A Gari Guda

A arewacin Indiya, cikin Jihar Himacal Faradesh, akwai wani ɗan gari bisa dutse, sama da birnin Daramsala, ana ce da shi Maklod Ganj. Turawan Ingila ne suka raya shi don gudun zafin bazara, har girgizar ƙasa ta 1905 ta rushe shi, ta hallaka mutum wajen 20,000 a yankin. Garin bai farfaɗo ba sai 1960, sa'ad da gwamnatin Firayim Minista Nehru ta sauke Dalai Lama a can, watau shugaban addinin Buda na mutanen Tibet. Shi kuwa ya tsere daga Lasa cikin watan Maris na 1959, lokacin da jama'arsa suka yi wa sojan Sin bore, aka murƙushe su. Mutum wajen 80,000 suka bi sawunsa.

Yau baƙi iri biyu ne suka cika garin. Akwai 'yan Tibet, waɗanda suka zo da niyyar kwana kaɗan, ga shi an haura shekara 60, har sun ga jikoki. Akwai kuma masu yawon buɗe ido daga Turai da Amurka, da samarin Isra'ila da suka gama aikin soja, masu taruwa a ƙauyukan Daramkot da Bagsu. Hanya ɗaya suke bi, shago ɗaya suke shan shayi, amma bambancinsu babba ne. Na biyun yana da fasfo da tikitin komawa cikin aljihu. Na farkon, galibi, takardar rajistar baƙi ce gare shi, wadda dole ya riƙa sabuntawa, domin Indiya ba ta sa hannu a yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ba.

Ba wanda zai musa amfanin masu ziyara. Su ke cinikin masu abinci da masu saƙar darduma, wasunsu kuma suna koya wa sababbin zuwa Turanci kyauta. Ta bakinsu ne kukan Tibet ya ƙara isa duniya, musamman bayan an ba Dalai Lama lambar zaman lafiya ta Nobel a 1989. To, amma kayan aro ba ya rufe katara. Al'ummar da ta jingina rayuwarta ga mai wucewa, ran da ya canza hanya sai ta faɗi.

Ga kuma wata illa. Abin da baƙo ke son saye shi ake shimfiɗawa a kasuwa. Tutocin addu'a da carbi da zanen ibada sun zama tsaraba, ana tallarsu gefen titi. Hotal-hotal sun hau jikin dutse, motoci sun toshe 'yan lungunan garin, shara ta yi yawa. Mafi muni, zama da masu fasfo kullum yana koya wa yaro cewa arziki yana can ƙetare. Tun da Amurka ta ba 'yan Tibet 1,000 iznin shiga bisa dokarta ta 1990, hanya ta buɗe, samari suna ta tafiya Niyok da Toronto da Faris. Da can mutum dubu biyu zuwa uku kan tsallako duwatsu daga Tibet kowace shekara su cike gurbi. Bayan zanga-zangar 2008 ƙasar Sin ta tsananta tsaron iyaka, masu zuwa suka ragu ƙwarai. Ana fita, ba a shigowa.

Me ya riƙe mutanen nan tsawon wannan lokaci? Abin da suka gina da hannunsu. A 1960 suka buɗe gidan renon yara wanda ya zama babbar makaranta, inda ake karatu cikin harshen Tibet. A 1961 suka sāke kafa makarantar maganin gargajiyarsu, a 1970 suka kafa gidan ajiyar littattafai. Suna da majalisa ta kansu, a 2011 kuma Dalai Lama ya sauka daga mulkin siyasa ya bar wa zaɓaɓɓen shugaba. Waɗannan su ne jarinsu. Dalai Lama ya cika shekara 90 cikin watan Yuli na 2025, kuma shi ne babban abin da ke jawo masu ziyara. Mai hankali ya san ranar da zai kau tana tafe, ya kuma san jama'a da yawa za su kau tare da shi.

A ran nan wa zai rage? 'Yan ƙasa, watau Indiyawan garin da makiyayan Gaddi, waɗanda awakinsu da tumakinsu ke kiwo a duwatsun nan tun kafin zuwan kowa. Masu ziyara ba safai suke kula da su ba, alhali kuwa su ne masu masauki. A 1994, da wani saurayin Gaddi ya rasa ransa a faɗa da wani ɗan Tibet, jama'a suka far wa gidaje da shagunan 'yan Tibet. Ran nan ba Bature ne ya kashe wutar ba, manyan ɓangarorin biyu ne suka zauna.

Saboda haka ya kamata shugabannin 'yan Tibet su sa ƙarfinsu wurin biyu: makarantar da za ta riƙe harshe, ta kuma koya wa yaro sana'ar da zai ci abinci da ita a Indiya, da kuma kyautata zama da maƙwabci, a yi ciniki tare, a je biki da gaisuwar mutuwa. Mai ziyara kuwa ya tuna gidan masu jimami ya shiga, ya sauka da ladabi. Duk wanda ya taɓa zaman baƙunci ya san gaskiyar maganar nan: baƙo raɓa ne, hantsi na yi ya bushe. Maƙwabcinka shi zai fara jin ihunka da tsakad dare.