Ba Kowane Kumburin Ƙafa Ne Tundurmi Ba

A ƙauyukanmu na Jazira da gaɓar Kogin Nilu, daga Mai Wurno har Damazin, da zarar ƙafafun mace sun yi kauri sai a ce tundurmi ne ko yawan ci. Alhali akwai cutar lifidima, wadda likitocin Amurka suka bayyana tun 1940. Kitse ke taruwa a ƙafafu biyu daidai, ya tsaya a idon sawu, ga zafi in an taɓa. Takan fara a lokacin balaga ko juna biyu, rage abinci kuma ba ya kawar da ita.

Muna kira ga magidanta da su daina gori, su kai iyalansu asibiti. Safar matsi da yawan tattaki na rage raɗaɗi, tsaga kuwa tana iya jawo gyambo.