DAGA BAKIN ALLO: Gemu Ba Ya Hana Koyon Iyo

Wasu daga cikinku sun tare ni a masallaci suna tambaya, wai da gaske ne an ga Malam yana tseren keke da hular kwano kamar yaro? To, ba ƙarya aka yi mini ba. Ga yadda abin ya faru.

Akwai wata gasa da ake kira tirayatalan, wato wasa uku a haɗe: iyo, tseren keke, da gudu, ɗaya na bin ɗaya babu hutu. An fara ta a birnin San Diyego na Amurka a 1974, ta shiga wasannin Olamfik a Sidni a shekarar 2000. A Olamfik ana iyon mita 1,500, keke kilomita 40, gudu kilomita 10. Amma akwai gajera, rabin wannan daidai: mita 750, kilomita 20, da kilomita 5. Ita ce irin wadda mu 'yan sa-kai muke shiga.

Ni dai na fara saninta ne a watan Maris na 2024, lokacin da birnin nan namu na Ankara ya karɓi Wasannin Afirka, tirayatalan na cikinsu. Ɗalibaina suka tambaye ni ko zan iya. Na ce keke da gudu ba su ba ni tsoro, tun ina yaro nake taka keke. Wani ya ce, "Malam, iyo fa?" Ajin ya yi tsit. Gaskiyar magana, shekarata arba'in da 'yan kai, ina zaune a garin da ke bakin teku, amma ko kwatarniya aka jefa ni sai an ciro ni. Na tambayi yaran su nawa suka iya. Cikin ajin duka, biyu suka ɗaga hannu.

Wannan ya sa na je koyo. Ranar farko mai koyarwa ya tsayar da ni a layi ɗaya da 'yan shekara bakwai, ya ce in tsoma fuska in hura iska. Kunya ta kama ni, na sha ruwa har na ƙoshi. Sai da na yi wata biyu kafin na ƙetare tafkin mai tsawon mita 25 ban tsaya ba. Mita 750 kuwa ƙetarawa 30 ke nan. Wata tara na yi ina zuwa bayan sallar Asuba, sau uku a mako, sannan na ba da sunana a wata ƙaramar gasa ta 'yan sa-kai.

Ranar gasa na fito daga ruwa kusan na ƙarshe. Agogo ba ya tsayawa a wurin canji, don haka garin sauri na kama keke ban ɗaure hular kwano ba. Alƙali ya tsayar da ni, domin doka ita ce sai ka ɗaure hula kafin ka ɗauki keke. Laifina ne, ba nasa ba. A kan keke na wuce mutum huɗu. Da na sauka zan fara gudu, ƙafafuna suka zama kamar an ɗaura musu turmi. Gwanaye sukan gama cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka. Ni na yi awa biyu da 'yan mintuna. Amma na gama, alhamdu lillahi.

Ba don a yaba mini na kawo labarin nan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a 2021, kuma idan aka auna da yawan jama'a, nahiyarmu ce ta fi kowace asara. Mu ma shaidu ne. Duk ranar hutu yaran Nima da Mamobi da Sabon Zango sukan sulale zuwa Labadi ba da saninmu ba. Damina ta zo, manyan kwatoci su cika su yi ambaliya. 'Yan'uwanmu 'yan kasuwa kullum suna cikin kwalekwale a tafkin Volta. Abin da muka iya shi ne mu ce wa yaro, "Kada in gan ka a bakin ruwa." Hani kaɗai bai taɓa ceton wanda ya riga ya faɗa ba.

Na san uzurorinmu. Wasu za su ce kuɗi. To, iyaye goma su haɗa hannu su ɗauki mai koyarwa ɗaya. Wasu za su ce tsiraici. Ni da riga da wando har gwiwa na yi gasar, ba wanda ya hana ni, kuma ana iya neman lokaci na daban da mace mai koyarwa domin 'yan mata. Malamanmu ma sukan kawo zancen da ake jinginawa ga Sayyidina Umar na koya wa yara iyo da harbi da hawan doki.

Ina roƙon sarakunan zango da limamai da shugabannin makarantu su sa wannan cikin shawarwarinsu kafin damina mai zuwa. Mai son shiga gasa irin tawa kuwa, in ya haura arba'in, ya fara ganin likita a auna jininsa, kuma kada ya shiga ruwa shi kaɗai.

Yaran ajina da suka iya iyo yanzu sun kai tara. Saura naku. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.