Zuwa Ga Matasan Makaɗa: Kada Ku Raina Ƙaramin Ɗaki

Ƙannena masu kiɗa da waƙa,

Ƙorafin da na fi ji daga bakinku na wurin wasa ne. An gayyace ku, kun je kun tarar da 'yan tsirarun mutane, rabinsu hira suke yi, sifika na tsuwa, janareta na tari, sai ku dawo kuna cewa wannan ba ajinku ba ne, babban dandamali kuke jira. To ku ba ni aron kunnuwanku, in ba ku labarin wasu samari biyar 'yan Liverpool ta ƙasar Ingila.

A watan Agustan 1960 suka sauka birnin Hamburg na Jamus, da sunan The Beatles, sunan da ko a garinsu bai dami kowa ba a lokacin. Su ne John Lennon da Paul McCartney da George Harrison da Stuart Sutcliffe da mai gangarsu Pete Best. Wurin da aka ɗauke su wasa, Indra, wata 'yar mashaya ce a unguwar St. Pauli, unguwar ma'aikatan jirgin ruwa da 'yan shaye-shaye. Masaukinsu kuwa wani kurkukun ɗaki ne a bayan allon gidan silima na Bambi, daf da banɗaki. Yarjejeniyar ita ce su yi kiɗa sa'o'i huɗu da rabi kowane dare, shida a ƙarshen mako.

Ku tsaya a kan waɗannan sa'o'in, domin nan maganar take. Mai waƙa biyar ba zai iya cika dare guda ba. Dole ta sa suka haddace waƙoƙin Chuck Berry da Little Richard da Ray Charles da duk abin da kunnensu ya kama, suka koyi jan waƙar minti uku ta yi tsawo ba tare da ta gunduri mutane ba. Masu sauraronsu yawanci Jamusawa ne, kuma ba don su suka fito ba, shan giya ya kawo su. Mai gidan, Bruno Koschmider, yakan daka musu tsawa su motsa jiki, su daina tsayuwa ƙiƙam. A irin wannan ɗakin ake gane lokacin da hankalin jama'a ya fara tafiya, da abin da za a buga ya dawo. A nan mai ganga yake sanin numfashin mawaƙinsa, har ya gane zai juya kafin ya juya. Wanda ya zo dominka zai yafe maka kuskure. Wanda bai san ka ba kuwa juya maka ƙeya zai yi, kuma wannan juya ƙeyar ta fi tafin abokai amfani.

Abin da ke damuna da yawancinku ke nan. A shiga sitidiyo, mai fiyano ya haɗa kiɗa, kwamfuta ta gyara murya, a saki waƙa a TikTok. In an kira biki sai a sa faifai, mawaƙi ya riƙe makirufo yana mamin, ana masa liƙi. Ba na ƙin na'ura, kuma na san hayar makaɗa huɗu ta fi kuɗin filashi tsada. Amma ranar da wuta ta ɗauke a tsakiyar wasa ake sanin wanda ya iya. Iyayenmu makaɗan gargajiya ba su san wannan matsalar ba, domin yaro yakan shekara da shekaru yana amshi a bayan ubangidansa kafin a bar shi ya ja baki.

Da The Beatles suka koma gida Liverpool sai suka samu gindin zama a Cavern, wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a titin Mathew, mai zafi har bango na gumi. Daga Fabrairun 1961 zuwa Agustan 1963 sun yi wasa a can kusan sau 300, da yawa da rana tsaka, lokacin da ma'aikatan ofis da na kantuna ke fitowa cin abinci. A irin wannan wasan rana, ran 9 ga Nuwamban 1961, wani mai kantin faya-fayai, Brian Epstein, ya sauko ya gan su, ya zama manajansu. Ku lura, ba wani gagarumin taro ya je ba. Wasan yau da gobe ne, wanda da sun ga dama da sun yi shi da ganganci.

Ribar ta fito fili ran 11 ga Fabrairun 1963, da suka naɗi waƙoƙi goma na kundinsu na farko a yini guda a Landan. Waƙoƙin sun riga sun nuna a gaban jama'a, naɗa kawai ya rage.

Kada ku ce wannan labarin Turawa ne. Mdou Moctar, ɗan Abzinawan Nijar mai buga jita da hagu, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko a 2008, waƙoƙinsa suka yi ta yawo daga waya zuwa waya. Amma hannun da ya kai shi dandamalan Amurka da Turai a bukukuwan aure na Agadas ya gasu, a fili, cikin ƙura, da janareta.

Sai dai ba zan yi muku ado da labarin ba. Hamburg ta koya wa waɗancan samarin haɗiyar wata ƙwaya mai suna Preludin don su kori barci. Wannan kam kada ku kwaikwaya. Kun ga abin da Tramadol ya yi wa sa'o'inku a unguwanni, kuma muryar da aka riƙe da ƙwaya ba ta daɗewa. An kuma kori Harrison daga Jamus a Nuwamban 1960 saboda shekarunsa 17 ne, doka ba ta yarda ya yi aikin dare ba. Duk inda za ku, ko Yamai ko Accra, ku gyara takardunku tukuna. Sannan duk da wannan gumin, kamfanin Decca ya gwada su ran 1 ga Janairun 1962 ya ƙi ɗaukarsu. Pete Best kuma, wanda ya sha duk wahalar darare tare da su, an sallame shi a Agustan 1962, aka ɗauko Ringo Starr, mai gangar wata ƙungiya da suka riƙa karɓa-karɓa da ita a mashayar Kaiserkeller ta Hamburg. Wata biyu bayan haka faifansu na farko da kamfanin Parlophone ya fita.

Saboda haka ku nemi wuri guda da zai ba ku dare guda a kowane mako, ko gidan abinci ne ko filin makaranta, ku riƙe shi ko da mutum goma ke zuwa. Ku je da kayan kiɗa na hannu. Ku sa wani ya ɗauki wasan a waya, washegari ku zauna tare ku saurara, kowa ya ji inda ya yi sauri da inda ya ja. Maganar kuɗi kuma ku gama ta kafin a ɗaura jita: nawa za a biya, wa zai karɓa, yaya za a raba. Ku rubuta ta a takarda, mai wurin ya sa hannu, ku ma ku sa.

Wassalam, naku yayanku.